Kalkuleta mai zana layin lissafi: in saya wa 'yata ko in bari?

Baban Yara:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malaman lissafi. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, ta matsa sai na saya mata kalkuletar nan mai zana layi a fuskarta. Mu a takarda mai gida-gida muka koya: ka ɗauki x ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da y, ka ɗiga, ka haɗa da fensir. Tsorona kada na'ura ta riƙa yi mata aikin, ranar da aka ce ta zana da hannu ta tsaya kallon takarda. Na'urar tana ƙara fahimta kuwa?

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam, Baba. Tana ƙarawa ƙwarai, amma sai hannu ya saba tukuna. A ajina sai sun zana y = x² − 4 da fensir, sun ga inda ya ratsa layin x a −2 da 2, sannan mu kunna na'ura. Zanen kamar ƙwarya yake. In ce su sa 3 gaban x², ƙwaryar ta tsuke. Su sa ½, ta buɗe baki. Su sa alamar ragi, ta kife. Cikin minti biyar sun ga zane shida, alhali da hannu sai darasi ya ƙare ba su gama biyu ba. Wata ɗaliba ta taɓa ɗagowa ta ce, "Malama, ashe lambar nan ce ke riƙe da bakin!" Sati biyu ina faɗin haka bai shiga ba, sai da ta gani da idonta.

Ɗalibin Injiniya:
Gaskiya ne, Malama, sai dai tana ruɗa wanda bai san abin da yake nema ba. Kalkuleta ƙirar TI-84 nake amfani da ita. Tagarta ta asali, wato iyakar abin da fuskarta ke nunawa, daga −10 zuwa 10 take. Ran nan na shigar da y = x² + 20, fuska ta fito fayau. Na ɓata lokaci ina zaton ta lalace, ashe zanen yana sama, daga 20 ya fara. Da na ɗan lissafa a kaina da na gane nan take.

Baba, kafin ku saya, ta gwada Desmos ko GeoGebra a waya, manhajojin zana layin lissafi ne, kuma kyauta ne. Kuma ku tambayi makarantar ko ana barin shiga jarrabawa da kalkuletar, don ba kowace jarrabawa ke yarda ba.

Baban Yara:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Daren yau zan ba ta x² + 20 ɗin nan ta zana da fensir, sannan mu duba tare a waya. Malama, bayan wannan wanne za mu gwada?