Kafa parabol a gida: da hannunka ko a kira mai aikin?

Baban Nana, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Na sayo parabol da dekoda a babbar kasuwa, irin wadda ba a biyan abonma. Abin da nake so bai da yawa: tashar Makka saboda tsohuwa, tashoshin Hausa saboda iyali, ni kuma Télé Sahel in lokacin kokowa ya zo. Babban ɗana ya rantse zai iya kafawa, wai ya gani a YouTube. Mai shagon kuma ya ce in bari ya turo yaronshi. Gidan na siminti ne, rufin kwano. Wanda ya taɓa yi da kanshi ko ya kira wani, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Malamin Lissafi, Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam, Baban Nana. Tawa ni na kafa ta, kuma har yau tana nan. Abin da ke ba mutane tsoro shi ne neman sinyal, alhali shi ne ya fi sauƙin koyo. Taurarin ɗan adam da muke kamawa suna jere saman tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum suke wuri guda. Mu Maraɗi muna arewa da wannan layin, saboda haka duk inda za ka nema, ɓangaren kudu ne. Nilesat yana digiri 7 yamma, daga nan sai ka fuskanci kudu maso yamma. Na Canal+, wato SES-4, yana digiri 22 yamma, ya fi karkata wajen faɗuwar rana. Badr na Arabsat yana 26 gabas, shi kuma kudu maso gabas. In lissafin ya yi maka yawa, leƙa ta maƙwabcin da ke kama tashoshin da kake so, ka fara daga inda tashi ke kallo.

Kada ka bar tele cikin ɗaki kana kan katanga, yaro na ihu "ya zo! ya tahi!" Kafin muryarshi ta iso ka riga ka wuce wurin. Fito da tele da dekoda tsakar gida, ka ɗora kan tabarma inda idonka ke ganin allon. Za ka ga layi biyu, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na kalite. Na ƙarfin yaudara gare shi, da ka haɗa waya zai tashi ko parabol na kallon bango. Na kaliten kake bi. Ka saka lambobin tasha guda da ka tabbata tana aiki, ka sassauta kusoshi kaɗan, ka matsa kamar faɗin farce, ka tsaya ka ƙirga uku, sannan ka ƙara. Ranar da na yi tawa, layin ya yi tsalle ya ɓace, na dawo baya a hankali har ya zauna. Sai na murɗa kan LNB, wato ɗan abin nan da ke gaban farantin yana karɓar sinyal, kaɗan cikin zobenshi, kaliten ya ƙara hawa. Da na ɗaure, na ɗauki ƙusa na karce alama a jikin bututun, ko iska ta juya ta na san inda zan maida.

Hajiya Mai Ɗinki, Bagalam:
Malam, duk abin da ka faɗa haka ƙanena ya yi, kuma hoto ya fito tas. Mun sha kallo duk rani. Sai dai a kan kwano ya kafa ta, ya buga ƙusoshi ya ɗaure da waya. Hadarin farko na damina, irin wanda ke tasowa daga gabas da jar ƙura kafin ruwa, ya kwashe ta ya yar bayan gida, ta lanƙwashe gefe guda. Wuraren ƙusoshin kuma suka zama hanyar ruwa, daidai saman keken ɗinkina da atamfofin mutane. Wanda na kira daga baya ko sama bai hau ba. Rami ya gina a kusurwar gida, ya kafa bututun ƙarfe, ya zuba siminti, ya ce ba zai ɗora komai ba sai ya bushe. Farantin da ya lanƙwashe ya ce ko an buge shi ya miƙe ba zai ƙara kama sinyal yadda ya kamata ba, dole na sayi sabo. Da na haɗa kuɗin sabon da na mai gyaran kwano, sun ninka abin da aka nemi in biya tun farko.

Mai Parabol, Sabon Gari:
Wannan sana'ata ce, to ku rage wani abu daga maganata. Gaskiya Malam ya faɗa, juya faranti ba wani asiri ba ne, yaran da nake koya wa shi suke fara iyawa. Abin da ke kawo ni gidajen mutane gyara, yawanci waya ce. Wayar parabol na da jan ƙarfe guda a tsakiya, da saƙar siraran wayoyi a kewaye. Dekoda na tura wuta ta cikinta zuwa LNB, bolt 13 ko 18. In wajen murɗa kan wayar silin saƙar nan guda ɗaya ya taɓa na tsakiya, shi ke nan, ko sinyal ya ɓace ko dekoda ta ƙone ta wannan gefen. Mutum ya yini yana juya faranti cikin rana, matsalar kuwa tana cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba. Kuma kada a ɗaura ko a kwance waya dekoda na kunne, a cire ta daga wuta tukuna.

Sai ruwa. Mahaɗin da ke waje in ba a naɗe shi ba, ruwan sama na bin cikin wayar a hankali, na sha kwance dekoda in tarar da tsatsa a bakinta. Kafin waya ta shiga ɗaki a bar ta ta ɗan sauka ƙasa da ramin sannan ta hau, ruwan sai ya ɗiga waje. Baban Nana, tashoshin da ka lissafa mai yiwuwa ba kan tauraro guda suke ba. In haka ne sai LNB biyu ko fiye, da ƙaramin akwatin nan DiSEqC mai raba su. A nan ne masu yi da kansu suka fi makalewa.

Ɗan Kasuwa, Mokoyo:
Maigida Mai Parabol, da duk irinka ne da ba a yi gardama ba. Ni wanda aka turo mini, na miƙa mishi sabon LNB cikin kwalinshi na koma shago. Aiki ya yi kyau, na biya. Da zafi ya kama, hoto ya riƙa tsinkewa da tsakar rana. Wani da ya duba ya nuna mini LNB ɗin, robar fuskarshi duk ta tsage ta yi fari, tsoho ne aka saka mini aka tafi da nawa. Lambar yaron kuwa ta daina shiga. Wanda zai kira mai aiki ya kira wanda ke da shago inda za a same shi gobe, kuma ya tsaya a wurin har a gama.

Mai Gidan Kallo, Burja:
Ni ba na wasa da wannan. Lokacin gasar Afirka da aka buga a Kodebuwa farkon 2024, rumfata cike take kowane dare. In hoto ya ɗauke ana tsakiyar wasa, mutanen da suka biya ba za su jira ni in koyi aiki ba. Ina da mutum guda, ko da dare na kira shi yana zuwa. Wannan zuwan nake biya, ba kafawar ba. Ruwa mai ƙarfi dai ko wa ya kafa sai hoto ya ɗauke, sai hadarin ya wuce.

Na Madarumfa:
Ku na cikin gari kuna da zaɓi. Mu a ƙauyenmu in ka kira mutum daga Maraɗi, kuɗin mai na babur ya fi kuɗin aikin, dole muka koya. Katangar laka ba ta riƙe ƙusa, damina guda ta saki. Tsohuwar tayar mota na cika da siminti, na kafa bututu a tsakiya, na ajiye a ƙasa. Da sola muke kallo. Abokan gabana awaki ne, suna zuwa susa a jiki su karkatar da ita, har sai da na kewaye wurin da ƙaya.

Baba Liman, Limanci:
Ƴaƴana, akwai abin da ba wanda ya ambata. Ko ɗanka ne ko baƙo, duk wanda zai hau katanga ko rufi yana ganin cikin gidajen mutane. A aika yaro ya sanar da maƙwabta tukuna, mata su kimtsa. An taɓa yin ɓacin rai a layinmu kan wannan, sai da muka zauna. Kuma a dubi wayar lantarki da ta ratsa saman gida kafin a ɗaga dogon ƙarfe.

Maman Iro, Ɗan Gulbi:
Allah shi saka, Baba. Ni tambaya gare ni ga Mai Parabol. Muna da babban iccen bedi kudu da ɗaki, maigidan ya ce sai an sare shi in za a kafa a ƙasa. Ni kuwa inuwarshi ce ɗakin girkina.

Mai Parabol, Sabon Gari:
Hajiya, kada a taɓa iccen tukuna. A nan Maraɗi taurarin sama sosai suke, na Canal+ ya haura digiri 50 daga ƙasa, Nilesat ya fi shi tsayi. Farantin yana yi kamar gabanshi yake kallo, amma sinyal daga can sama yake sauko mishi. In aka ja baya daga iccen gwargwadon tsawonshi, an wuce shi. A auna da igiya a gani ko tsakar gidan ta kai. In ba ta kai ba, sau da yawa reshe guda ne ke tare hanya, shi kaɗai za a rage, sai dai a riƙa duba shi bayan kowace damina don bedi na saurin tohowa.