Baraguzan tsohon gini a madadin dutse: kankaren zai yi ƙarfi?

Mai_Fili_Rigasa:
Assalamu alaikum. Injiniyoyi da magina, ina neman shawararku. An rushe wani tsohon bene kusa da filina, baraguzan za su kai tifa goma, mai wurin ya ce in kwashe kyauta. Kuɗin tifar dutse kuwa kun san inda ya kai. Birkilana ya ce a farfasa su da guduma a kwaɓa kankare da su tun daga fandisho har dekin. Gida ne mai ɗaki huɗu, da niyyar ɗora bene nan gaba. Shin zai yi ƙarfi kamar na sabon dutse? In zai yi, nawa ake zubawa?

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ana yi, amma ba yadda birkilanka ya faɗa ba.

Ɗauki gutsure ɗaya na tsohon kankare ka duba shi da kyau. Za ka ga dutse a tsakiya, tsohon kwaɓin siminti da yashi ya manne a jikinsa. Wannan tsohon kwaɓin shi ne tushen matsalar. Cike yake da ƙananan ramuka, ga tsagogin da guduma ta bari. Sabon dutse yawanci ba ya shan ruwan da ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, shi kuwa wannan yakan sha kashi 3 zuwa 8, wani ma ya zarce.

Ga lissafin. A kwaɓin 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na dutse, buhun siminti ɗaya mai kilo 50, wanda yake daidai da kwanon sarki 2, yana tafiya da kwanon sarki 4 na yashi, 8 na dutse, da ruwa lita 25 zuwa 28. In duka kwano takwas ɗin busassun baraguzai ne masu shan kashi 5, za su zuƙe kusan lita 9. Kafin baro ya isa wurin zubi kwaɓin ya yi tauri, lebura ya ɗauko bokiti ya ƙara ruwa da ido. A nan ƙarfin yake zubewa, domin babu abin da ke raunana kankare kamar ruwan da ya fi ƙima.

Idan aka musanya kashi 20 zuwa 30 na dutsen kawai, da baraguzai masu tsafta, ragin ƙarfin kaɗan ne. Idan aka musanya duka, ƙarfin kan ragu da kashi 10 zuwa 25, kuma kankaren ya fi tsukewa lokacin bushewa, ya fi lanƙwasa a ƙarƙashin kaya shekara bayan shekara. Wannan lanƙwasar ce ta sa ban yarda da shi a dekin ba. Ƙa'idar Ingila ta BS 8500 ma kashi 20 ta amince da shi a kankaren gine-gine na yau da kullum, kuma can da injin niƙa da gwaji ake yi. Shawarata: kwano 2 na baraguzai, 6 na sabon dutse, a daɓen ƙasa, magudanar ruwa, da shimfiɗar 1:3:6 da ake yi a ƙasan fandisho kafin a jera rodi. Ginshiƙai, bim da dekin na gidan da za a ɗora wa bene, a sayi sabon dutse.

Birkila_Kawo:
Injiniya ya gama magana ta fuskar lissafi. Abin da zan ƙara, Alhaji, tifa goman nan ba duka ba ne kankare. In ka tace da gaskiya, da wuya ka sami uku.

Fasassun bulo da filasta a ware su gefe. Bulon da ake bugawa a garin nan da yawa za ka murƙushe gutsurensa da tafin hannu. Wanda ya cika ƙa'ida ma ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kankare ba. Wurinsa ciko a ƙarƙashin daɓe, a daddale shi sosai. Abin da za ka ɗauka shi ne na tsofaffin ginshiƙai, bim da dekin, wanda in ka buga masa guduma zai yi ƙara ƙal, ba bif ba.

Wanda ya fi komai haɗari shi ne farin garin silin, wato POP. Ko kaɗan kada ya shiga. Yana haɗuwa da siminti in akwai danshi, ya riƙa kumbura daga ciki, bayan damina biyu ko uku sai ka ga daɓe ya tashi ya tsattsage, ba gyara sai fasawa. Haka kwalta, katako, leda, gilashi da jar ƙasa. In ginin gobara ya taɓa yi, duk kankaren da ya koma ruwan hoda ya riga ya ƙone, a bar shi.

Bayan fasawa a yi rariya biyu: mai ido milimita 20 da mai ido milimita 5. Abin da ya ratsa ta farko ya tsaya a ta biyu shi ne naka. Garin da ya zube ƙasa kada a ce za a mai da shi yashi, shi ya fi shan ruwa. Yashin kogin Kaduna mai kaifi ya wadatar. A wanke tsakuwar, a jiƙa ta tun jajibirin zubi, da safe a bar ta ta tsane har ka ga jikinta da danshi amma ba ta ɗiga. Wurin kwaɓi kuma a fara juya dutse da yashi da rabin ruwan, a zuba siminti, sannan sauran ruwan. Simintin kan shige ramukan nan ya toshe su.

Malama_Mai_Gwaji:
Kafin a kashe kuɗin leburori, akwai gwajin da za a iya yi a fili. A shanya tsakuwar ta bushe sarai, a auna kilo 10, a jiƙa awa 24, a goge da tsumma a sake aunawa. In ta koma kilo 10.5, kashi 5 take sha. Ta wuce 10.7, ni ba zan bari ta kusanci rodi ba, saboda kankare mai ramuka yana barin iska da danshi su isa ga ƙarfe, tsatsa ta fara.

Na biyu, a kwaɓa gwaji a cika mazubi mai murabba'i na milimita 150 guda shida, kowanne hawa uku, kowane hawa a soke shi da sandar ƙarfe sau 35. Washegari a cire a nutsa a ruwa. A kai uku ɗakin gwaji a kwana 7, uku a kwana 28. Sashen injiniyan gine-gine na Kadpoly, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da na ABU Zariya suna da injin matsawa da ke auna ƙarfin kankare. Na kwana 7 kan ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe. Kwaɓin 1:2:4 mai kyau ana sa ran ya kai 20 N/mm², wato ma'aunin ƙarfin kankare, a kwana 28. Kuma Alhaji ka haɗa kuɗin fasawa, rariya da tankar ruwa ka kwatanta da tifar dutse, wani lokaci ribar ba ta kai yadda ake zato ba.

Mai_Fili_Rigasa:
Allah ya saka da alheri. Dekin da ginshiƙai na haƙura. Daɓen kuma a watan Janairu za mu zuba, akwai abin kiyayewa?

Injiniya_Barnawa:
Akwai, Alhaji. Iskar hunturu tana ɗauke ruwan saman kankare tun bai kama ba, shi kuma kankaren baraguzai dama ya fi tsukewa. A zuba da yamma ko da sassafe, da an gama shafe a rufe da leda. Washegari a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna, a yi ban ruwa safe, rana da yamma, kwana 7 aƙalla, in da hali 14. Daɓe mai kaurin milimita 100 a yanka masa layi kowace mita 3, zurfin milimita 25, cikin kwana ɗaya da zubawa, don tsagar da za ta zo ta bi layin.