Ƙwayoyin "tsawon rai" da ake tallatawa: wanne ya dace da dattijo?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka da shawara. Mahaifinmu shekararsa 68, yana da ciwon suga, ya daɗe yana shan metformin, kuma yana kukan tafin ƙafarsa kamar ana soka masa allura. Ga tallan ƙwayoyi ya cika WhatsApp: man kifi, bitamin D, bitamin E, da wata NMN da ake cewa tana mayar da tsoho yaro. Wacce bincike ya tabbatar, kuma nawa ake sha?

Mai Kemis, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Malam, har yau a cikin irin waɗannan ƙwayoyin babu wadda aka gwada a jikin mutane aka ga ta ƙara musu shekaru. A Amurka an yi wani babban gwaji mai suna VITAL da mutum kusan 26,000. Wasu aka ba su bitamin D mai ƙarfin IU 2,000 kullum (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne), wasu giram 1 na man kifi, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, aka bi su wajen shekara biyar. Da sakamako ya fito a 2018, sankara ba ta ragu ba, manyan cututtukan zuciya da shanyewar jiki a haɗe su ma ba su ragu ba.

Bitamin E kuwa a kiyaye shi. A gwajin SELECT, wanda ya ƙunshi maza sama da 35,000, masu shan IU 400 kullum sun fi kamuwa da sankarar furostet (wani ƙullin nama a ƙarƙashin mafitsarar namiji) da kashi 17 cikin ɗari. NMN yawancin labarinta daga ɓeraye ne, gwajin mutane ƙanana ne kuma na 'yan watanni. Ga ta da tsada. Kuɗin nan gara ya tafi wajen gwajin jini.

Ma'aikaciyar Jinya, Runjin Sambo:
Ɗan'uwa, maganar ƙafar nan ita ta fi damuna. Metformin idan aka daɗe ana sha yana hana hanji tsotsar bitamin B12. Tsufa ma yana rage ruwan ciki mai tsami da ke ware B12 daga abinci, idan kuma Baba yana shan omeprazole don olsa, abin ya zama uku. Ƙarancin B12 yana cin jijiya, ya kawo sukar allura a ƙafa, kasala, mantuwa da tangaɗi wajen tafiya. To amma suga kanta tana kawo irin wannan sukar, shi ya sa ba a yin hasashe. Ku kai shi asibiti, ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wanda yake zuwa, a auna B12 da yawan jini, a duba ƙafar.

Idan B12 ya yi ƙasa, likita kan rubuta ƙwayarsa ta maikirogiram 1,000 kullum, ko allura idan jijiya ta fara taɓuwa. Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, a sayo folik asid don ƙarin jini: jinin zai gyaru a takardar gwaji, jijiyar kuwa ta ci gaba da lalacewa ba a sani ba. Na biyu, a dage da shan bitamin B mai haɗi da ke ɗauke da B6 mai yawa wata da watanni, alhali B6 idan ya wuce kima shi kansa yana kawo mutuwar ƙafa. Don Allah kada ya ajiye metformin da kansa.

Malamin Abinci:
Ranar Sakkwato ta isa ta ba mutum bitamin D, amma dattijon da ke wuni a ɗaka, ko Hajiyar da ba ta fita tsakar gida, za su iya rasa shi. Bukatar ɗan shekara 68 IU 600 ce a rana, bayan 70 ta koma 800.

Abin da ya fi riƙe ƙarfin tsoho shi ne furotin, wajen giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 yana neman giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, sauran sai a haɗa daga wake, ƙuli-ƙuli, kifi, nama da nono marar sukari, a raba safe, rana da dare. Sai dai mai suga a fara auna ƙodarsa, don idan ta yi rauni lissafin ya canza.

Ɗan Mabera:
Na gode, Allah ya saka da alheri. An riga an sayo masa kalsiyam da man kifi, a zubar ne?

Mai Kemis, Gawon Nama:
A'a, ku tafi da robobin wajen likita ya gani. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kalsiyam kada ya wuce miligiram 500 a sha ɗaya, a sha shi da abinci, a sha ruwa sosai saboda tsakuwar ƙoda a zafin nan namu. Idan an rubuta masa ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sha shi awa biyu kafin kalsiyam ko awa shida bayansa. Man kifi kuma zafin bazara yana lalata shi. Ku huda ɗaya ku shinshina, idan yana warin ruɓaɓɓen kifi ko ƙwayoyin sun manne da juna, wannan kam a zubar.