Ta ina ake fara binciken asalin gida a cikin birnin Kano?

Ɗan_Koki:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haifaffen cikin birni ne, amma a Jos muka tashi. Abin da muka riƙe sunan kakanmu ne da unguwa. Muna son mu koma gidan, mu san dangi, mu rubuta salsala saboda yaranmu. Ta ina za mu kama?

Malam_Soron_Ɗinki:
Wa alaikumus salam. Ka fara da mai unguwa, sai limamin masallacin layin. A birni da laƙabi ko sana'a ake sanin gida: gidan marina, gidan maƙera, gidan malam wane. In sunan yanka kaɗai ka kai, za a nuna maka Muhammadu goma. Ka tambayi gwaggonninka laƙabin kakan tun kafin ka taso.

Sunan unguwa ma manuniya ce. Agadasawa daga Agadas, Zangon Barebari daga Barno, Tudun Nufawa Nufawa ne, Ayagi kuma Yarabawa. Sai dai kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai, don mutane sun sayi gidaje sun shigo daga baya.

Hajiya_Yakasai:
Ɗana, ka nemi tsofaffin mata, su suka san wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa ya sha nono da wa. Inda ake tuntuɓe shi ne alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗanta na fari ba, sai ta ce Malam ko Maigida. Ka sa jikarta ta faɗa, ita ta gyaɗa kai. Haka Abba da Baffa da Baba: yawanci sunan wani kaka aka mayar ake sakayawa, kuma ta nan za ka hau mataki ɗaya sama.

Ka tafi da goro da turare da sabulu. A zuwan farko kada ka tambayi takardar gida ko wanda ya gaji wane ɗaki. Da sun ji ƙamshin maganar gado, bakin kowa zai rufe. Gaisuwa da addu'a ga mamata tukuna, tambaya sai zuwa na biyu.

Alaramma_Madabo:
Shekaru ba da lamba ake riƙe su ba, da sarauta ne. Ka tambaya zamanin wane sarki aka haife shi. Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, Muhammadu Inuwa na 'yan watanni a shekarar, sai Ado Bayero. In an ce shekarar da jirgin ƙasa ya iso, 1911 ke nan. Zuwan Sarauniyar Ingila kuwa 1956.

In gidan malamai ne, a duba bangon Alƙur'ani da ƙarshen littattafai, can ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, da shekarar Hijira. Ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1345 za ta ba ka wajen 1926. Ka ɗauki hoton shafin a nan inda yake, kada ka nemi aro.

Duk abin da aka faɗa, ka rubuta wanda ya faɗa, kuma kada ka sa suna a salsala sai ka ji shi daga baki biyu da ba ɗaki ɗaya suka fito ba. In kakan ya riƙe sarauta ko ya yi aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, ka leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, sannan ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.