Masu dandalin marubuta da yawa: yaya kuka ƙare da shafukan bogi bayan buɗe rajista?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina riƙe da dandalin marubuta a kan WordPress Multisite, kowa da nasa shafin a ƙarƙashin adireshi ɗaya. Tun da na bar rajista a buɗe sababbin shafuka suke ta kwarara, amma yawancinsu ba mutane ba ne. Tallar caca ce, da magungunan ƙarya, da rubutu marar kan gado cike da linki. Marubutana na gaskiya sun fara kukan dandalin ya yi nauyi. Rufe ƙofa kuma ba ya raina, don saboda baƙon da ban sani ba na kafa wurin. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka mana da labarinsa.

Mai Gyaran Saba: Wa alaikumus salam Malam. Nauyin nan ba abin mamaki ba ne. Tun da aka haɗe tsarin shafuka da yawa cikin WordPress 3.0 a 2010, kowane sabon shafi yana samun teburansa daban a ma'ajiyar bayanai, a yanzu guda 10 ne: na rubutu, na sharhi, na saituna da sauransu. Shafin bogi 1000 ke nan tebura 10,000, ko da babu harafi ɗaya mai amfani a cikinsu. Ni a wurina ba maziyarta ne suka fara nuna min matsalar ba, kwafin ajiya ne. Aikin da yake gamawa kafin in ankara sai ya koma yana yankewa a tsakiya, kamfanin da muke haya a sabarsa kuma ya turo gargaɗin mun zarce ƙa'ida. Da na buɗe ma'ajiyar, lambobin tebura sun yi nisan da ban taɓa zato ba.

Malama Edita: Mu CAPTCHA muka fara sawa, wato ɗan gwajin nan da ake tantance mutum da na'ura. Ta rage, ba ta kashe ba, domin akwai mutanen da ake biya su riƙa warware ta da hannu. Abin da ya yi mana aiki yana nan cikin saitunan dukkan dandalin tuntuni. Zaɓi huɗu ne a wurin rajista, mu muka koma kan wanda yake ba mutum asusu kawai ban da shafi. Ka shigo, ka yi sharhi, ka turo mana rubutu ɗaya, sannan mu buɗe maka naka. Mai tallar caca ba ya da haƙurin wannan. Marubuci kuwa, wallahi har daɗi yake ji a ce mutum ya karanta aikinsa kafin a miƙa masa mabuɗi.

Mai Tambaya: Malama, aikin bai yi muku yawa ba kuwa? Ni kaɗai ne fa.

Malama Edita: Ya yi da farko. Sai muka ɗauko tsofaffin marubuta biyu da muka yarda da su suna tace buƙatun, ni kuma ina riƙe da muƙamin babban mai gudanarwa. Wannan muƙamin kada ka raba shi da sauƙi, shi kaɗai yake iya girka ƙarin manhaja a dukkan dandalin.

Tsohon Hannu: Hanyar gayyata ma tsohuwa ce. Dandalin rubutu na LiveJournal ya yi amfani da lambar gayyata daga 2001 zuwa 2003, takwaransa Dreamwidth ma da ita ya fara a 2009. Mun gwada, bogi ya ɗauke cak. Illarta dai jama'ar ta zama abokin wane da ƙanin wane, sabuwar murya ta daina shigowa. Muka dawo kan irin tsarin Malama.

'Yar Kwamitin Tacewa: Ni abin da nake so in ja hankalinka a kai, Yaya, shi ne ranar shara. Shigowar shafukan bogi ba ta kai fitar da su haɗari ba. Lokacin da muka tashi tsaftace namu, an fitar da jerin duk shafin da rubutunsa bai wuce uku ba kuma ya daɗe shiru, aka ce a goge gaba ɗaya. Na roƙa a bar ni in bi jerin da ido. Ina cikin bi, tsakanin wani shafin tallar agogo da wani na lamuni, sai ga shafin wata baiwar Allah. Rubutu biyu ne kacal. Na farko gaisuwa ce. Na biyu doguwar wasiƙa ce ga mahaifinta da ya rasu, da hoton hannunsa riƙe da tabarau, sharhi ɗaya a ƙasa daga wata da alama 'yar'uwarta ce. A lissafin na'ura wannan da shafin agogo duk ɗaya ne.

Kuma ka sani, goge shafi a Multisite ba shi da kwandon shara. Teburansa da hotunansa suna tafiya ne nan take, sai dai in kana da kwafin ajiya. Shi ya sa muka tsayar da doka: wanda ake zargi a yi masa alamar spam, wato ta bogi, tukuna, zai ɓace daga idon jama'a amma bayanansa suna nan. A tura imel ga mai shi, a jira. Wanda shirunsa kawai ne laifinsa ba a taɓa shi ko kaɗan. Mutum ya ba ka amanar rubutunsa, bai yi maka alkawarin zai riƙa rubutu kowane mako ba. Matar nan ta amsa imel ɗinmu, ta ce tana buɗe shafin duk lokacin da kewa ta taso mata.

Mai Gyaran Saba: Gaskiya ne Hajiya. In ƙara da abu biyu. Goge shafi ba ya goge asusun mai shi, don teburin masu amfani ɗaya ne ga kowa, sai ka bi su daban, in ba haka ba gobe su buɗe wani. Sannan ka leƙa teburin wp_signups, nan waɗanda suka yi rajista ba su tabbatar ta imel ba suke taruwa.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da rajista kan asusu kawai yanzun nan. Yau da dare zan ɗauki cikakken kwafi, in gwada dawo da shi a wata saba daban, kafin in fara bin jerin ɗaya bayan ɗaya. Malama, in ba damuwa ki turo min irin saƙon da kuke aika wa masu neman shafi.