Ƙanina ya shige wani guruf, yanzu ko magana ba ya yi da ni

Yayar Auta:
Salam jama'a. Don Allah shawara nake nema, wanda ya san zagi zai yi ya wuce kawai. Ƙanina ɗan shekara 17 ne, wata shida ke nan da ya ce min shi fa ba ya jin daɗin jikinsa, wai bai san ko a ransa shi namiji ba ne ko a'a, kuma ni kaɗai ya faɗa wa. Tun lokacin kullum yana cikin wani guruf a manhajar hira ta Discord har asuba, sai dai ka ga hasken waya ta ƙarƙashin bargo, duk ya rame, makarantar ma sai da faɗa. Rannan na tambaye shi a hankali ko ya tabbata da abin da yake ji, buɗar bakinsa sai ya ce a guruf ɗinsu an ce duk wanda ya yi maka wannan tambayar ba masoyinka ba ne. Ni fa?? Ni da na goya shi. In ƙwace wayar ne ko yaya?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Yaya kar ki ƙwace, zai ari ta aboki ne kawai, ke kuma kin zama maƙiyiyar da aka ce masa. Abin da ya kamata ki gane, su TikTok da YouTube ba ruwansu da gaskiya ko ƙarya, lissafinsu kawai minti nawa ka tsaya a kan bidiyo, in ka kalli guda uku na masu kukan sun tsani jikinsu da ƙarfe biyun dare to gobe talatin za su jero maka. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin da kansa ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Guruf kuma ya fi wannan, don can mutane ne ke tacewa, ka kawo shakku a cire ka, sai a wayi gari saura masu baki ɗaya, kowa na jin amsa-kuwwar muryarsa yana zaton duniya ce ke magana.

Baƙon Dare:
Ni na zauna a irin wurin nan kusan shekara biyu, don haka bari in faɗi wadda ba za a so ji ba. Ba wai miyagu ne suka cika guruf ɗin ba. Nan ne wuri na farko da na faɗi abin da ke raina ba a yi min dariya ba, kuma akwai daren da ba don wani da ya tsaya yana cat da ni har gari ya waye ba, da ban san inda nake yanzu ba. Illar ita ce komai amsarsa ɗaya. Ka ce ba ka barci, jinsi ne. Ka ce ka tsani makaranta, jinsi ne. Ranar da na rubuta cewa ina ganin ƙila damuwata ta girmi maganar jinsin, ko awa ba a yi ba aka goge rubutun. Da na fita na faɗa cikin wani guruf ɗin a dandalin Reddit na masu kishiyar ra'ayi, wallahi sak, su ma amsarsu ɗaya ce, an yaudare ka kawai. Abin da ya taimake ni mutum ɗaya ne da na iya ce wa "ban sani ba" bai yi saurin cike min gurbin ba.

Anti Nas:
Ƙanwata ramar nan da rashin barcin su suka fi tayar min da hankali. Ki samo masa likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, wanda zai saurare shi ba wanda zai tura shi hagu ko dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) a 2019 ta cire rashin jituwa da jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, to kar a ce masa mahaukaci. Amma ciwon damuwa da fargaba ciwo ne, suna da magani. Rahoton likitar yara Dakta Hilary Cass kan kula da yara masu matsalar jinsi, da ya fito a Ingila a 2024, duk da ana ta muhawara a kansa, ya nace a duba yaro gaba ɗayansa, kar maganar jinsi ta rufe sauran matsalolinsa. Kuma ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ya ce e, asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Yayar Auta:
Na gode Anti. Baƙon Dare maganarka ta taɓa ni, don na duba tawa wayar yanzu, ashe wata shidan nan ni ma bidiyon masu nadamar sauya jinsi kawai nake ta kallo ina tura masa, ko ɗaya bai buɗe ba. Na daina. Jiya da dare na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado ban ce komai ba, can ya cire iyafis ɗaya ya ce "Yaya lafiya?" Mun ɗan taɓa hira, ba a kan wannan ba. Maganar likita ban kai ga yi masa ba tukuna, yau nake so in gwada.