Gadajjen lago: na tsaya a nan, sai in ji naku

Ƴan'uwa na Damagaram, kwana uku ke nan ina fama da kalmar Faransanci prédisposition génétique, wato halin da jiki ke gada wanda ke sa wata cuta ta fi samun sauƙin kama shi; ina neman yadda za a faɗe ta da Hausa. Ƙanwata mai karatun likita a nan Zinder ta kawo mini ita, tana son ta yi wa baba bayani da Hausa, ta rasa bakin farawa.

Darasinta a kan ɓeraye ne. A wata cibiyar bincike da ke Neuherberg, kusa da birnin Munik na Jamus, an yi wa ɓeraye allurar toriyom 227, sinadari mai tiririn nukiliya da kan je ya lafe cikin ƙashi. Awo ɗaya aka ba kowa. Amma jinsin BALB/c ya fi jinsin CBA kamuwa da sankarar ƙashi. Da aka bi sawu, cikin wuraren da aka gano har da ƙwayar gado Rb1, mai taka wa ƙwayoyin jiki birki kada su yi ta rabuwa ba kan gado. A jikin BALB/c birkin nan ba ya ci sosai.

Wani ya ce mini a kira shi ciwon gado. Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ɓeran bai gaji sankara ba, kafar shigarta ya gada. Kalmar kuma tana da kaifi: ka ce wa uwa ɗanta na da ciwon gado, ka ɗora wa zuriyarta tambari har wajen neman aure.

Saurin kamuwa ma an kawo, sai dai ya fi kama da mura ko ƙyanda.

Baba ne ya warware, bai ma sani ba. Da ƙanwata ta gama bayani sai ya ce: "Ɗiyata, ai kamar katangun Birni ne. Ruwan Agusta ɗaya ke dukansu, wata ta zube, wata ta tsaya. Wadda ta zube tun wajen kwaɓin ƙasa aka bar mata lago."

Lago! Yana nan kwance ba ya ciwo, sai abin da ya san wurin ya taɓa shi. Na so in ce lagon gado, amma a rubuce sai a ɗauka gadon kwana ne. Shi ya sa na koma ga gadajjen lago.

Abin ya shafe mu, mu da ƴan'uwanmu suka yi shekaru suna haƙar yuraniyom a Arlit. Lokotoro da malaman Hausa, ku gwada ta a bakin majinyaci ku faɗa mini ko ta zauna.